SHIN AKWAI ABIN DA BABU IRINSA?

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, Makaɗaici a cikin zatinsa da siffofinsa da ayyukansa. Tsira da aminci su tabbata ga cikamakin annabawa, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, bayanin wannan mako ya danganci wata kalma ce da bakin jama'a ya saba da ita ƙwarai, har ta zama ba a jin nauyinta, watau kalmar nan ta "babu irinsa". Duk wanda ya bi Titin Ibrahim Taiwo a Kano da hantsi, tun daga gefen Kantin Kwari har zuwa Kasuwar Singa, ba zai rasa jin ta sau goma ba kafin ya kai inda za shi. Mai atamfa zai ɗaga turmi ya ce, "Hajiya, wannan duk Kano babu irinta." Mai shadda zai shafa ta ya ce, "Alhaji, ita kaɗai ta rage, ba ta da ta biyu." Mai saye kuma zai koma gida yana taƙama cewa ya samu abin da wani bai samu ba, sai ranar biki ya tarar da mutum uku sun sa irin kayansa.

To, ashe tambaya ta taso, kuma tambaya ce ta addini ko da yake a kasuwa ta samo tushe. Shin akwai wani abu da ya cancanci a ce babu irinsa bisa haƙiƙa? Idan akwai, mene ne shi? Idan kuwa abu ɗaya ne tak ya cancanci wannan kalma, to, mene ne hukuncin wanda ya ɗauke ta ya ɗora wa abin da bai cancance ta ba, ko da bakinsa ko da zuciyarsa?

SUNAN TITIN DA KANSA

Abin mamaki shi ne, titin da aka fi yawan jin wannan kalma a kansa, sunansa ma yana ƙaryata ta. An sa masa sunan Kanar Ibrahim Taiwo, Gwamnan soja na Jihar Kwara, wanda aka kashe ran 13 ga Fabrairu, 1976, a yunƙurin juyin mulkin da ya ci ran Janar Murtala Muhammed. Ba Kano kaɗai ke da titi mai wannan suna ba, domin akwai wani babban titi a Ilori da ake kira da shi. Bugu da ƙari, a wurin Yarbawa Taiwo suna ne na wanda ya fara fitowa daga cikin tagwaye, na biyun kuma a ce masa Kehinde, kamar yadda Hausawa ke da Hasan da Husaini, da Hasana da Husaina. Ashe sunan da ke kan allon titin yana shaida cewa abin halitta da ɗan'uwansa ake yin sa.

Wannan kuwa shi ne abin da Alƙur'ani mai girma ya tabbatar. A cikin Suratuz Zariyati, aya ta 49, Allah ya ba da labarin cewa kowane abu ya halicce shi nau'i biyu ne, domin mutane su yi tunani. Haka nan a Suratu Yasin, aya ta 36, ya tsarkake kansa da cewa shi ne ya halicci ma'aurata dukkansu, daga tsirran ƙasa da 'yan Adam da abin da ba su ma sani ba. Malaman tafsiri sun kawo misalin dare da rana, da sama da ƙasa, da namiji da mace, da tudu da kogi, da rayuwa da mutuwa. Sun ce hikimar yin halitta bibbiyu ita ce mai hankali ya gane cewa wanda ya yi ta shi ne ba shi da na biyu.

DARASI DAGA RUMFAR ATAMFA

Sai dai kuma akwai wani gefe na maganar da ya kamata a yi masa adalci. Masu sana'ar atamfa sun san cewa atamfar kaki ta gaske, irin wadda kamfanin Vlisco na ƙasar Holan ke yi, wanda aka kafa tun 1846, tana da wata alama. Akan buga kaki ne a jikin farin yadi bisa tsarin zanen, sa'an nan a tsoma shi a rini. Kakin nan yakan tsattsage, rini ya kutsa ta cikin tsagar, ya bar wasu 'yan jijiyoyi da ɗige-ɗige waɗanda ba wanda ya tsara su. Saboda haka ko a cikin turmi ɗaya, ba a samun wuri biyu da jijiyoyin suka zo daidai da juna. Mai yin jabu kuwa hoton waɗannan jijiyoyi yake bugawa da inji, don haka idan aka warware turminsa za a ga tabo iri ɗaya yana maimaita kansa a kai a kai. Gwanin ɗan kasuwa da wannan maimaici yake gane jabu. Haka nan zanen da aka rina da hannu a marinar Ƙofar Mata, ko da marini ɗaya ne ya ƙulla ya tsoma a karofi ɗaya, ba a samun biyu da suka yi daidai ta kowace fuska.

'Yan canji na Wapa a Fagge su ma sun san irin wannan. Takardar Naira, tun da aka fara amfani da ita ran 1 ga Janairu, 1973, kowace guda da lambarta. Idan aka ga takardu biyu da lamba ɗaya, to, ba sai an yi dogon bincike ba, aƙalla ɗaya daga ciki jabu ce.

Daga nan za a fahimci cewa akwai wata irin kaɗaita da abubuwa ke da ita. Kowane turmi daban yake, kowace takardar kuɗi daban take. Amma wannan bai hana a ce musu iri ɗaya ba, domin farashin turmi ɗaya shi ne farashin ɗan'uwansa, kuma wanda aka ba bashin Naira dubu ba a tilasta masa ya maido da ainihin takardar da aka ba shi. Wata tana tsayawa a matsayin wata.

ABIN DA KE KAN YATSA

Ayar da ta fi wannan girma tana jikin mutum. Yayin da kafiran Makka suka yi musun tashi bayan mutuwa, suna ganin ba mai iya tara ƙasusuwan da suka rududduge, sai Allah ya mayar musu da martani a Suratul Ƙiyama, aya ta 3 da ta 4, cewa shi mai iko ne ya daidaita har kawunan yatsun mutum. Malaman farko sun fassara ayar da ƙanƙantar gaɓoɓin yatsa da kyawun tsarinsu, watau wanda ya iya mayar da mafi ƙanƙantar ƙashi ba zai gaza mayar da babba ba. Malaman baya kuma suka ƙara da abin da bincike ya gano game da zanen da ke kan yatsa.

A 1892 wani masani ɗan Ingila mai suna Francis Galton ya wallafa littafi a kan zanen yatsa, ya nuna cewa ba ya sakewa tun daga yarinta har tsufa, kuma ya bambanta daga mutum zuwa mutum. A 1901 'yan sandan birnin Landan suka buɗe sashe na musamman domin gane masu laifi ta wannan hanya. A Nijeriya ma, tun 2014 da Babban Banki ya fito da lambar BVN, duk mai ajiya sai an ɗauki hoton yatsunsa, haka kuma a wurin yin katin ɗan ƙasa da katin zaɓe. Wannan zane yana kammala tun ɗa bai cika wata shida a cikin mahaifiyarsa ba. Tagwaye masu kama ɗaya, waɗanda wani lokaci ko danginsu kan rikice a kansu, zanen yatsunsu daban-daban ne. A watan Nuwamba na 2022 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce yawan mutanen duniya ya kai biliyan 8, amma ba a taɓa samun mutum biyu da zanen yatsunsu ya zo daidai ba. Hausawa sun yi gaskiya da suka ce kama da Wane ba Wane ba ce.

Injin masaƙa idan aka ba shi zane ɗaya, shi zai ta maimaitawa har ya lalace, domin iyakar saninsa ke nan. Amma Mahalicci yana fitar da jama'a daga asali ɗaya, da gaɓoɓi iri ɗaya, alhali ba ya maimaita fuska ko murya ko yatsa. Shi ya sa a Suratur Rum, aya ta 22, aka lissafa saɓanin harsuna da launuka a cikin ayoyin Allah tare da halittar sammai da ƙasa.

IRI-IRIN "ƊAYA" A CIKIN HALITTA

To, shin wannan yana nufin kowane mutum babu irinsa ke nan? A nan ne ake bukatar natsuwa, domin kalmar "ɗaya" idan aka faɗe ta game da abin halitta ba ta wuce ɗayan ma'anoni huɗu.

Na farko, ɗaya na lissafi, wanda biyu ke biye da shi. Ɗan fari ɗaya ne, amma ƙannensa na tafe.

Na biyu, ɗaya na fifiko, kamar a ce wane shi ne gwani na gwanaye, ko attajirin da ba a taɓa yin kamarsa ba. Wannan gwadawa ce tsakaninsa da 'yan'uwansa, kuma ba a gwada abu sai da irinsa. Ga shi kuma ba ta daɗewa, domin gaba da gabanta. Kano ta ga attajirai da malamai da jarumawa da aka ce ba za a sake kamarsu ba, suka wuce, kasuwa ta ci gaba da ci.

Na uku, ɗaya na saura, watau wanda 'yan'uwansa suka ƙare ya rage shi kaɗai. A watan Maris na 2018 namijin ƙarshe na wani jinsin farar karkanda ya mutu a wani gandun daji a ƙasar Kenya, ya bar mata biyu. Kafin mutuwarsa sai da aka sa masu gadi da bindigogi suna tsaronsa dare da rana, domin duk duniya shi kaɗai ya rage. Amma kaɗaitarsa ta maraici ce da rauni, ba ta hana shi tsufa ba, ba ta hana shi mutuwa ba.

Na huɗu, ɗaya na alama, kamar zanen yatsa da lambar kuɗi. Wannan yana rarrabe mutum da ɗan'uwansa, amma bai fitar da shi daga jinsinsu ba. Yatsa dai yatsa ne, an haife shi, ya haɗu daga fata da tsoka da ƙashi, kuma ƙasa za ta ci shi.

Ko abubuwa masu alfarma ba su fita daga wannan hukunci ba. Ka'aba ɗaya ce a bayan ƙasa, ita ce alƙiblar dukkan Musulmi, amma gini ce ta duwatsu, an sake gina ta a zamanin Ƙuraishawa, da zamanin Abdullahi ɗan Zubairu, da kuma 1630 bayan ambaliya ta rushe sashenta a zamanin Sarkin Turkawa Muradu na huɗu. Hajarul Aswadi ɗaya ne, amma Ƙaramiɗawa sun ciro shi a shekara ta 317 bayan Hijira suka tafi da shi, bai dawo ba sai bayan shekara 22. Sayyidina Umar, Allah ya yarda da shi, ya bayyana a gabansa cewa ya san dutse ne wanda ba ya cuta ba ya amfani, kuma yana sumbatarsa ne kawai domin ya ga Manzon Allah ya yi. Darajar waɗannan abubuwa aro ce daga wanda ya zaɓe su. Annabi Muhammadu kansa, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, shi ne fiyayyen halitta, babu annabi bayansa, amma a ƙarshen Suratul Kahfi an umurce shi ya sanar da mutane cewa shi mutum ne kamarsu wanda ake yi wa wahayi, kuma abin da aka yi masa wahayinsa shi ne abin bautarsu guda ɗaya ne.

KAƊAITAR DA BA TA DA TAMKA

Ashe ke nan, duk abin da ido ya gani ko zuciya ta sawwara yana da farko, yana da sassa, yana da jinsi, yana da bukata. Wanda ya kuɓuta daga waɗannan huɗu shi ne kaɗai za a ce babu irinsa a faɗi gaskiya, shi ne Allah Maɗaukakin Sarki.

Suratul Ikhlasi, mai ayoyi huɗu, ta tattara wannan bayani. Ta tabbatar masa da kaɗaita, ta tabbatar da cewa kowa na bukatarsa shi kuwa ba ya bukatar kowa, ta kore masa haihuwa da zama abin haihuwa, sa'an nan ta kore masa tamka. Duk wanda ya haifa yana da irinsa a bayansa, duk wanda aka haifa yana da irinsa a gabansa, to, an toshe ƙofofin biyu. Malaman lugga sun lura cewa sunan da aka zaɓa a farkon surar shi ne Ahadu, wanda ba a fara ƙirga da shi balle a ce biyu na tafe, kuma ba ya karɓar rabo. Saboda girman wannan ma'ana ne ya inganta a cikin Sahihul Bukhari cewa surar tana daidai da sulusin Alƙur'ani. Wannan suna kuma shi ne Sayyidina Bilal ya riƙa maimaitawa yayin da Umayya ɗan Khalaf ya kwantar da shi a kan rairayin Makka da tsakar rana ya ɗora masa dutse a ƙirji.

Malaman tauhidi, irin su Shehu Muhammadu ɗan Yusufu Sanusi na birnin Tilimsan, wanda ya rasu a 1490, mai littafin Ummul Barahin da aka daɗe ana karantarwa a zaurukan malaman ƙasar Hausa, sun kasa kaɗaitar Allah kashi uku. Kaɗaita a zati, watau zatinsa bai haɗu daga sassa ba, kuma babu wani zati kamarsa. Kaɗaita a siffofi, watau babu mai sani irin saninsa ko iko irin ikonsa. Kaɗaita a ayyuka, watau babu mai halittawa ko rayawa ko kashewa ko arzutawa tare da shi. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda ya rasu a 1817, shi ma da wannan yakan fara karantar da jama'a kafin ya shiga hukunce-hukuncen tsarki da salla, domin ibada ba ta tsayuwa sai an san wanda ake yi wa.

Wani zai ce, ai mutum ma yana ji yana gani, yana da sani da iko. Amsa ita ce, suna ne ya yi tarayya, haƙiƙa ba ta yi ba. Aya ta 11 ta Suratush Shura ta kore cewa akwai wani abu kamar Allah, sa'an nan a ƙarshenta ta tabbatar masa da ji da gani. Jin ɗan Adam da kunne ne, yana da iyaka, hayaniyar kasuwa tana rikita shi, tsufa yana rage shi. Allah kuwa yana jin mai roƙo a masallacin Juma'a na Fagge da mai roƙo a Arfa a lokaci ɗaya, wata murya ba ta shagaltar da shi daga wata. Saboda haka Musulmi yana tabbatar wa Allah abin da ya tabbatar wa kansa, ba tare da kamantawa ba.

Hujjar hankali a kan wannan tana cikin Suratul Anbiya, aya ta 22, inda aka nuna cewa da akwai wasu alloli ban da Allah, da sammai da ƙasa sun ɓaci. Malamai suka ce, da su biyu ne, ɗaya ya so motsin abu ɗaya ya so tsayuwarsa, to, ba zai yiwu nufin duka biyun ya zartu ba. Idan na ɗaya ya zartu, wanda aka rinjaya gajiyayye ne, gajiyayye kuwa ba ya zama abin bauta. Kanawa ba sa bukatar a je nesa wajen neman misali. Bayan rasuwar Sarkin Kano Muhammadu Bello a 1893, aka naɗa ɗansa Tukur, Yusufu da 'yan'uwansa suka ƙi, suka fita zuwa Takai. Yaƙin basasa ya ɓarke, aka ƙone garuruwa, aka rasa rayuka masu yawa, ƙura ba ta lafa ba sai da Aliyu Babba ya shiga birni a 1894 aka kuma kashe Tukur a 1895. Idan ƙasa ɗaya ta kasa ɗaukar sarki biyu na shekara biyu, yaya sammai da ƙasa za su ɗauki ubangiji biyu? Ga rana tana fitowa a kan ƙa'ida, har ana buga jadawalin lokutan salla na shekara guda tun kafin shekarar ta kama, bai kuwa saɓa ba.

JABU A CIKIN ADDINI

Kamar yadda kaya mai daraja ne ake yi wa jabu, haka gaskiya ma ba ta rasa masu kwaikwayo. Alƙur'ani ya ƙalubalanci masu musu su kawo sura ɗaya irin tasa, kamar yadda ya zo a Suratul Baƙara, aya ta 23. Larabawa kuwa su ne gwanayen magana, amma suka zaɓi takobi a kan amsa ƙalubalen. Musailamu Maƙaryaci na Yamama ya gwada, ya yi da'awar annabci, ya tara dubban mabiya, aka kashe shi a zamanin halifancin Sayyidina Abubakar, bayan an rasa mahardata Alƙur'ani da yawa a wannan yaƙi.

Kano ma ta ɗanɗana ɗacin irin wannan. Muhammadu Marwa, wanda aka fi sani da Maitatsine, ya kafa sansani a unguwar 'Yan Awaki, ba nisa da Fagge, ya tara matasa da almajirai marasa zurfin karatu, yana tsine wa duk wanda ba ya tare da shi, har aka ruwaito cewa ya kai ga ɗora kansa a matsayin annabci. A watan Disamba na 1980 fitina ta tashi, sai da soja suka shiga, kuma ƙididdigar hukuma ta ce mutum 4,177 suka mutu. Tushen irin wannan musiba shi ne mabiya su ɗauka cewa jagoransu babu irinsa, ba ya kuskure, ba a tambayarsa hujja. Duk ranar da aka ba wa ɗan Adam wannan matsayi, to, an ba shi abin da yake na Allah ne.

ABIN DA YA HAU KAN MUSULMI

Na farko, ya tsarkake bautarsa. Tun da mai bayarwa da hanawa ɗaya ne, bai halatta ɗan kasuwa ya kai kukansa wurin boka ko ɗan bori ba domin neman ciniki, ko ya binne wani abu a ƙofar rumfa yana ƙudurta cewa shi ke jawo masu saye. Ya nemi sababi na halal, ya buɗe rumfa da wuri, ya kyautata mu'amala, sa'an nan ya dogara ga Allah. Suratun Nisa'i, aya ta 48, ta yi gargaɗi cewa shirka ita ce zunubin da ba a gafartawa ga wanda ya mutu a kanta bai tuba ba.

Na biyu, ya tsare harshensa a wurin ciniki. Yabon kaya da abin da ke cikinsa halal ne. Amma wanda ya ce turmi shi kaɗai ya rage alhali dila guda na ɗakin ajiya, ko ya sayar da jabu da sunan na gaske, ya yi algus. Idan kuwa ya haɗa da rantsuwa, to, ya sa sunan wanda babu irinsa ya zama shaida a kan ƙarya domin ribar da ba ta kai ta kawo ba. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Huraira cewa rantsuwa tana sa kaya su shige amma tana shafe albarka. Muslim kuma ya ruwaito daga Abu Zarri cewa mai sayar da hajarsa da rantsuwar ƙarya yana cikin mutum uku da Allah ba zai yi magana da su ba ranar alƙiyama. Mai saye shi ma yana da nasa rabo, domin sau da yawa son a ce ya fi kowa ne ke sa a yaudare shi cikin sauƙi.

Na uku, ya kashe girman kai. Mai mulki ko mai dukiya ko mai ilmi da maroƙa suka ce masa babu kamarsa, ya tuna cewa ɗan Adam tara yake bai cika goma ba. Fir'auna ya yi da'awar cewa shi ne ubangiji mafi ɗaukaka, ruwa ya ci shi. Kujerar da mutum ke kai wani ne ya sauka ya ba shi, wani kuma na jiran ya sauka.

Na huɗu, ya girmama ran ɗan Adam. Titin Ibrahim Taiwo yana cikin wuraren da Bahaushe da Bayarabe da Ibo da Buzu da Kwara ke gogayyar kafaɗa kullum, domin Fagge tun da can masaukin fatake ce, Sabon Gari kuma tun wajen 1913 aka keɓe ta domin baƙin da jirgin ƙasa ya kawo. Wannan yanki ya ga zubar jini a watan Mayu na 1953 da watan Oktoba na 1991. A irin waɗannan ranaku mutane kan daina ganin mutum, sai dai su ga ƙabila, kamar dai turame ne na dila ɗaya wanda kowane ke tsayawa a madadin ɗan'uwansa. Alhali kowane rai Allah ya yi shi sau ɗaya ne, da yatsansa da sunansa da uwar da ta haife shi, idan aka kashe shi ba a samun madadinsa. Suratul Ma'ida, aya ta 32, ta daidaita kashe rai ɗaya ba da haƙƙi ba da kashe mutane baki ɗaya, Suratul An'ami kuma, aya ta 164, ta hana a ɗora wa wani laifin wani.

Na biyar, ya yi shirin ranar da zai tsaya shi kaɗai. Suratu Maryam, aya ta 95, ta ba da labarin cewa kowa zai je wa Ubangijinsa ranar alƙiyama shi ɗaya. Babu yaron shago, babu dillali, babu ɗan'uwa, ko tagwayen da suka kwana a ciki ɗaya kowa da littafinsa. A ranar ne hikimar bambancin yatsu za ta bayyana sarai, domin wanda bai rikita mutum biyu a wurin halitta ba, ba zai rikita su a wurin hisabi ba, kuma hannuwan da aka auna yadi da su za su ba da shaida, kamar yadda ya zo a Suratu Yasin, aya ta 65.

Saboda haka amsar tambayar ita ce, abin halitta yana da alamar da ta keɓance shi, wannan kuwa dalili ne na a kiyaye haƙƙinsa kuma ya san za a tambaye shi. Amma rashin tamka ta kowace fuska na Allah ne shi kaɗai. Wanda ya ji an ce "babu irinsa" a bakin rumfa gobe da safe, sai ya tuna da Mai wannan siffa, ya faɗi gaskiya a cinikinsa.

Allah ya raya jama'ar Musulmi a kan tauhidi, ya tsare su daga shirka ta fili da ta ɓoye, ya sa albarka a kasuwanninsu, ya zaunar da Kano da Nijeriya lafiya, ya sa kalmar shahada ta zama ƙarshen maganarsu. Amin. Sai mako mai zuwa, in Allah ya so.